Jan Zaren Imoru

Na fara sanin Imoru a shekarar 1983, shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya, aka kuma yi yunwar da har yau tsofaffin Tamale ba sa son a tuna musu. A lokacin ina koyarwa a wata makarantar firamare a Dabokpa. Ni ɗan zango ne, unguwar masu jin Hausa, amma a makarantar Fada ta 'yan mishan na yi karatu, inda aka dasa mini a kai cewa abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Shi kuwa Imoru Badagombe ne, tela, ya yi shekara shida yana ɗinki a Agege. Ya dawo a bayan babbar mota, ba keken ɗinki, ba almakashi. Abin da ya tsira da shi allura biyu ne da ya soke a cikin hularsa.

Wani kawunsa ya sama masa aikin shara a ƙaramin asibitin unguwarmu, Gumbihini. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai mutanen kirki da ke aiki a can har yanzu. Bayan wata biyu, mai kula da ɗakin folda ya tafi neman abinci Abijan bai dawo ba, aka ce Imoru ya riƙe wurin kafin a kawo wani. Shekara talatin da bakwai ya yi yana riƙe da wurin.

Yaran yanzu ba su san folda ba. Kwali ne mai ruwan ƙasa, an ninka shi biyu, da lamba a gabansa. Duk ranar da ka zo asibiti likita zai rubuta a sabuwar takarda, a ɗora ta a kan ta baya. Kai kuma kana riƙe da ɗan kati mai wannan lamba. Ka miƙa katin ta taga, Imoru ya shiga cikin kantoci ya fito da foldarka.

A watan Oktoba na wannan shekara na kai matata Hawawu, saboda wani maruru da ya hana ta zama. Aka yi mata allura. Ba mu kai ƙofa ba leɓunanta suka kumbura, numfashinta ya koma kamar ana shaƙe ta. Likitan da ke nan ya yi ta fama, Allah ya sa da sauran kwana. Da ta farfaɗo ya yi rubutu a foldarta, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ce in mayar ɗakin ajiya. A nan na tarar da wani siririn saurayi, Imoru ke nan, ya ga duk abin da ya faru daga bakin ƙofa.

Ya buɗe foldar ya ce, “Ticha, me ya rubuta a nan?”

Na karanta masa: kada a sake yi wa wannan mata allurar fenisilin, jikinta ba ya karɓa.

Ya ce, “To idan takarda goma ta hau kan wannan, wa zai gani?”

Na ce likita zai karanta mana.

Ya yi dariya har ya dafa kanta. “Ticha, mutum ɗari da hamsin a benci, likita ɗaya. Ka taɓa ganin ya koma baya?”

Doka ba ta yarda mai ajiye folda ya yi rubutu a cikinta ba, ko da ɗigo ɗaya. Imoru ya tuɓe hularsa, ya zaro allura, ya tsinko jan zare daga bakin wani tsohon labule. Ya yi ɗinki uku a kusurwar sama ta hannun dama, ya ƙulle, ya bar jela mai tsawon yatsa tana lilo. Ya ce, “Wannan ba rubutu ba ne. Su zo su kama ni.”

Daga nan abin ya fara. Duk wanda magani ya tayar masa da jiki, nas za ta leƙo ta ce, “Imoru, kawo allurarka.” Idan ya miƙa irin wannan folda ta taga, ba ya sakinta sai ya ce da ƙarfi, “Ja ne!” Likitoci suka yi ta zuwa suna tafiya, wasu shekara biyu, wasu wata shida. Nas-nas suka yi aure suka bi mazajensu Kumasi. Kowace sabuwa aka kawo, abin da ake fara gaya mata ke nan: in kin ga jan zare, ajiye allura, koma baya ki nemi takardar da Imoru ya lanƙwasa wa kunne. A duk shekarun nan ban ji an sake yi wa mai jan zare allurar da ba ta dace da shi ba.

Mun zama abokai, irin abokan da ba sa gaisawa sai da tsiya. Yana kirana Ticha Turanci, ina kiransa Likitan Labule. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “shi” ne a bakinsa; a nan na daidaita masa ita kaɗan, Allah ya yafe mini. Yana da tsohon keke baƙi da yake goge wa kaca kowace Jumma'a kafin masallaci. Ba ya cin goro, ba ya shan shayin da aka sa wa madara. Ya san mutane da lambarsu. Ya gamu da mace a kasuwa sai ya ce, “Dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai, yaya ƙafar?” Ita kuma ta ce, “Kai Imoru, ko mijina bai riƙe ni haka ba.” Idan tsohuwa ta damu cewa ta manta sunan maganin da aka hana ta, sai ya ce, “Mma, bar wannan a wuyana. Ke dai kawo katinki.” Suka kuwa bari. Wannan magana na ji ta a bakinsa fiye da sau ɗari, ban taɓa ganin aibunta ba.

A ƙarshen 2019 aka kira taro a farfajiyar asibitin. Na riga na yi ritaya, ni ne sakataren kwamitin unguwa mai sa ido a kan asibiti. Wani kamfani daga Ankara, babban birnin ƙasarmu, ya samu kwangilar mayar da foldoji cikin kwamfuta. Wadda ta yi bayani wata budurwa ce mai suna Afi, tana cikin waɗanda suka tsara shafin da likita zai riƙa gani. Ta ce kowane mutum zai samu tarihin lafiyarsa guda ɗaya, haɗe da katinsa na ɗan ƙasa. Ka faɗi a Bolga ko a Takoradi, likitan can zai buɗe ya ga abin da likitan Gumbihini ya rubuta. Gwamnati kuma za ta san masu hawan jini nawa ne a arewa, ta san inda za ta tura magani. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Har yau ina ganin abu ne mai kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Ta nuna mana shafin a jikin bango. A sama akwai wani ɗan gurbi na maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Imoru ya ɗaga hannu daga baya, inda yake tsaye kusa da famfo.

“'Yata, wa zai cika wannan ramin?”

Ta ce, “Likita kaɗai, Baba. Shi ke da mabuɗin wurin.”

“Daga ina zai sani?”

“Daga takardun da za mu ɗauki hotonsu. Za mu ɗauki goma na sama a kowace folda.”

“Na ƙasan fa? Akwai wadda rubutunta yana ƙarƙashin takarda arba'in.”

Manajan asibitin, Abdul-Ganiyu, ya karɓe. Ya ce kwangila kwana arba'in ce, folda ta kusa dubu ashirin, goma na sama aka biya. Wanda maganarsa ke ƙasa, idan ya zo sai ya gaya wa likita da bakinsa.

Imoru ya ce, “Bai sani ba. Ni na sani.”

Aka yi dariya. Ya shiga ɗakinsa ya fito da folda mai jan zare, ya ɗaga ta sama. Ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin ya duba ya ce wannan zaren zai maƙale a injin ɗaukar hoto, dole a yanke. Afi ta matso ta taɓa ƙullin, ta tambayi ko za a ƙara musu mako biyu su ware irin waɗannan. Abdul-Ganiyu ya dubi agogonsa. A nan ne ni, da ba wanda ya tambaye ni, na ce, “Imoru, asibiti ba shagon tela ba ne.”

Dariyar ta fi ta farko. Imoru ya dube ni, ya mayar da foldar. A littafin taro na rubuta layi ɗaya: mai ajiye folda ya yi tambaya a kan zare, an ba shi amsa.

Da reza suka yanke zaren. Ranar farko Imoru ya ware masu jan zare ya tara a bakin ƙofa, washegari ya tarar an mayar da su cikin jeri, don injin lamba-lamba yake bi. Sai ya zauna ya rubuto lambobin da ya iya tunawa, casa'in da ɗaya, a takardar da ya yago daga littafin makaranta, ya kai wa manaja. Abdul-Ganiyu ya ce, “Mba Imoru, wannan ba daga likita ta fito ba, ba inda zan sa ta.” Ya jefa ta a durowa. Da aka gama, aka ɗura tsofaffin foldojin a buhunan masara, aka kulle su a wata kwantena a bayan asibiti. A watan Maris na 2020 Imoru ya cika shekara sittin. Aka yi masa ɗan biki, aka ba shi fanka mai tsayawa da turmin atamfa na matarsa.

Akwai abin da ba wanda ya gaya mana a taron. Idan ba a cika wannan gurbi ba, kwamfutar ba ta barinsa fari. Da kanta take rubuta cewa ba a san wani magani da ke cutar da mutumin ba.

Bashiratu tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi a Nyohini, shekara ashirin da wani abu a wuri ɗaya. A watan Agusta na 2021 tukunyar miya ta kife mata a ƙafa. Ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da sayarwa, har wurin ya yi ruwa, sannan ta zo asibiti. Likitan sabo ne, nas ɗin ma sabuwa. Ya tambaye ta ko akwai maganin da ba ta sha. Nas ɗin ce ta faɗi amsar Bashiratu daga baya, tana kuka: “Yana cikin folda, ɗana. Imoru ya sani.” Likitan bai san wani Imoru ba. Ya dubi kwamfuta, ta ce babu. Aka yi mata allura da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Kafin a kira azahar an rufe ta da zaninta.

Aka turo mutum uku su yi bincike. Rahotonsu shafi tara ne, da Turanci mai kyau. Ya ce dalili biyu ne: marigayiyar ba ta bayyana wa likita matsalarta ba, kuma wani tsohon ma'aikaci ya saba yin alamomin da hukuma ba ta sani ba, har ya hana ma'aikata bin ƙa'ida. Ba a ambaci reza ba, ba a ambaci takarda goma ba, ba a ambaci durowar manaja ba. Ana bukatar sa hannun wakilin unguwa. Abdul-Ganiyu ya ja ni gefe ya ce idan laifi ya hau kan asibiti, za a dakatar da ginin ɗakin haihuwa da muka yi shekara shida muna roƙo. Na karanta sau biyu, na gyara waƙafi ɗaya, na sa hannu.

Da na gaya wa Hawawu, tana tankaɗen gari. Ta ajiye rariyar.

“Malam, ni wace ce?”

Na ce wace irin tambaya ce wannan.

“Ni mai jan zare ce ko ba ita ba ce? Gobe in na faɗi a kasuwa, me kwamfutarku za ta ce a kaina?”

Ta matso kusa da ni.

“Faɗi mana, mai Turanci. Ni ma sai ka sa hannu cewa na ɓoye?”

Ranar ban ci tuwon gidan ba, ba don an hana ni ba.

Maganar rahoton ta bazu. A Nyohini aka daina amsa gaisuwar Imoru. Da ya je ta'aziyya, Majeed, babban ɗan Bashiratu, ya tare shi a ƙofar gida ya ce, “Tsoho, koma da kekenka. Ka ɗinke mana uwa, ya isa.” Ya juya ya tafi yana tura keken, bai hau ba.

Bayan kwana uku na ji ƙararrawar kekensa a ƙofata da hantsi. Na fito na shirya jin zagi, na san na cancanta. Ya gaishe ni kamar kullum, sai dai bai ce Ticha Turanci ba.

Ya ce, “Ticha, takardarku ba duka ce ƙarya ba. Ni na ce musu su bar shi a wuyana. Da na sa kowa ya haddace sunan maganinsa, da matar nan tana bakin tukunyarta. Bashi ne na ɗauka, ban sani ba. Ka ce wa Mma Hawawu ta ɗauko katinta, mu je a cika mata ramin.”

Muka je mu uku. Muka yi layi tun ƙarfe takwas har ɗaya. Likitan, wanda shi ne ya sa aka yi wa Bashiratu allura, ya saurare mu da kyau. Ya ce ya yarda da mu, amma an ba su umarni bayan abin da ya faru: kada a cika gurbin sai da shaida a rubuce. Shaidar Hawawu tana cikin kwantena, a ɗaya daga cikin buhu ɗari da wani abu.

Imoru bai nemi izinin bincike ba, ya san ba za a ba shi ba. Ya je wurin Abdul-Ganiyu ya ce zaman gida ya ishe shi, a bar shi ya share kwantenar nan ya jera buhunan, kyauta. Manaja ya miƙa masa mabuɗi da murna.

Na bi shi ranar farko. Rufin ya tsage, ruwan damina biyu ya shiga. Gara ta ci buhunan ƙasa. Wari kamar na tsohuwar rijiya, zafi kuma kamar tanda. Na ce masa, “An yanke zaren, yaya za ka gane su? Folda dubu ashirin za ka karanta?”

Ya ɗauko ɗaya ya kama kusurwarta ta sama da babban yatsa da manuni, ya murza a hankali, ya ajiye. Ya ɗauko wata. A ta wajen talatin ya tsaya, ya miƙo mini. “Taɓa nan.” Na taɓa. Ƙananan huji shida, biyu-biyu a jere. Ya ce, “Sun yanke zare, amma ba su toshe inda allura ta bi ba.”

Wata goma sha huɗu ya yi yana wannan aiki. Yakan zo bayan ya karya kumallo, ya shimfiɗa tabarma a inuwar kwantenar, ya jawo buhu ɗaya, ya yi ta murza kusurwa har la'asar. Wadda ta jiƙe ta manne sai ya shanya ta, ya ɓanɓare takardun ɗaya-ɗaya da bakin allura. Ya samu ɗari da saba'in da uku masu huji. Ta Hawawu ta fito a wata na biyu. Wasu masu foldojin sun rasu tuntuni, wasu sun bar gari. Sauran ya bi su gida-gida.

Wannan ya fi tonon buhu wuya. Mai sayar da tumatir ba ta son barin tirenta yini guda don a cika wani rami da ba ta gani. Sai ya je ya kama mata layi tun safe, in an kusa ya kira ta a waya ta hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta zo. Wani lokaci a kai gaban likita a ce netwok ya tafi, a dawo gobe. Wani lokaci wuta ce babu. Osman mai walda a Dabokpa ya kore shi sau biyu, ya ce, “Kai da ka kashe ɗaya, ni ne na biyu?” Imoru ya koma karo na uku, ya zauna a kan tsohuwar taya a bakin shagon, ya ce, “Zage ni ka gama, sannan ka wanke hannu mu tafi. A 2004 a gabana ka kumbura kamar kwaɗo, uwarka tana ihu.” Yaran shagon suka fashe da dariya, Osman ya zagi kakansa, ya wanke hannu ya bi shi.

Abin da na iya yi kaɗan ne, kuma irin nawa ne. Na rubuta wa Afi wasiƙa, Imoru yana faɗa ina gyarawa. Ta kira ni a waya. Ta ce ta faɗa musu tun farko kada gurbin da ba a cika ba ya ce babu, aka ce mata fari ba ya kyau a ido. Bayan wata takwas aka canza: yanzu in ba a cika ba, gurbin yana yin ruwan ɗorawa, ya ce ba a tambaya ba tukuna. Kamfanin ya buga wannan a cikin nasarorinsa na shekara. Na nemi sunan Imoru a ciki, na nemi na Bashiratu, ban ga ko ɗaya ba.

Na kuma rubuta wa ofishin da ya turo masu binciken cewa na janye sa hannuna. Sau uku na rubuta, na ajiye kwafin kowace. Ba a amsa ba. Ɗakin haihuwar an gina shi, an yi masa fenti shuɗi. Abdul-Ganiyu ya samu ƙarin girma, an mayar da shi wani gari. Rahoton yana nan yadda yake, da sunana a shafi na tara.

Tun yana cikin kwantenar tari ya kama shi. Likita ya ce ruɓaɓɓiyar takardar da ya yi ta shaƙa ce ta taɓa masa huhu. Ya rame, keken ya fi ƙarfinsa, ya koma tafiya da ƙafa yana hutawa a gindin kowace bishiya. Ranar da ya kai mutum na ƙarshe da ya iya samu, wata tsohuwa da aka ɗauko daga Savelugu, ya biyo ta gidana ya sha ruwa. Na ce masa to yanzu sai ya huta. Ya ce, “Saura ɗaya.” Na tambaye shi wa, ya ce ruwan gidana ya fi na gidansa sanyi, ya tashi.

Ya rasu a watan Mayu na 2024. Mutanen da suka yi masa salla ba su kai yadda ya kamata ba. Daga asibitin nas biyu ne suka zo, da likitan nan da ya duba Bashiratu. A cikin masu jan zare na ƙirga goma sha tara. Osman yana ciki, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ranar addu'ar bakwai muna zaune a ƙarƙashin rumfa sai ga Majeed. Mutane suka gyara zama. Ya gaida iyalan, ya zo ya tsuguna a gabana, ya ciro takarda biyu daga cikin leda. Ɗaya hoton wani tsohon shafi ne na shekarar 1996, gefensa gara ta ci, amma rubutun likita yana nan sarai: kada a yi wa Bashiratu fenisilin. Ɗayar daga kwamfutar asibiti aka buga ta, shafin uwarsa, gurbin sama a cike, da sa hannun likita da kwanan wata na bara.

Ya ce, “Ticha, kai ne ka sa hannu cewa uwata ta ɓoye. Ka gani, asibiti ya sani tun ina goye.”

Na ce na gani. Na tambaye shi inda ya samu.

Ya ce wata safiya matarsa, wadda ta gaji wurin sayar da abincin, ta ga tsohon ya tsaya a gefe har layi ya ƙare. Ya miƙa mata ledar ya ce ta ba mai gida, ya tafi. Majeed ya ce ya yi niyyar zuwa, kullum sai ya ce gobe, don bai san da wace fuska zai shiga gidan ba.

Likitan yana zaune kusa da ni, ya ji komai. Ya ce shi ya cika gurbin. Kwana uku Imoru ya yi yana kama layi da lambar matar, yana tari, in an zo kansa a ce masa wannan shafin an rufe. Rana ta uku likitan ya ce masa, “Baba, matar nan ta rasu. Wa zai sake yi mata allura?”

Imoru ya ce, “Ba kowa. Amma 'ya'yanta suna da rai, kuma an gaya musu laifin uwarsu ne.”

Likitan ya ce sai da ya kira Ankara aka buɗe masa shafin na minti goma. Da ya gama ya buga takardar, Imoru ya duba ta sama da ƙasa, ya sa a leda, ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa.